Zumunci a Ƙafa Yake: Jama'ar Bazaga, Mu Tura Malaminmu Sakkwato

Ya ku jama'ar Bazaga, manya da yara, maza da mata, na gida da waɗanda ci-rani ya ɗauke. Da ku maƙwabtanmu na Allela da Tsarnawa da Birnin Ƙonni, da na Malbaza da Dogarawa, da na Illelar Adar. Magana nake tafe da ita a kan makarantun ƴaƴanmu, kuma ina roƙon ku ji ni har ƙarshe, domin abin da zan nema a wurinku bai fi ƙarfinmu ba. So nake mu zaɓi malami ɗaya cikin malamanmu na lakwal, mu haɗa masa guzuri daga aljihunmu, mu tura shi ya tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya da birnin Sakkwato. Ya zauna da malaman can gwiwa da gwiwa, su tsara ƙawance tsakanin makarantarmu da tasu, ya dawo ya faɗa mana abin da aka ƙulla a gaban kowa.

Bari in gaya muku inda wannan tunani ya same ni. Da babbar sallah na je gaishe da gwaggona da ke aure a Illela ta Najeriya, na tafi da ɗana wanda ke aji shida. Bayan la'asar muna zaune bisa tabarma a tsakar gida, sai jikarta, yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya, ta ɗauko littafin Hausa na makarantarsu. Bangon ya yage, an ɗinke shi da baƙin zare. Ta buɗe tana karanta wa gwaggo labari tiryan-tiryan, tsohuwa na dariya tana tare ta da karin magana. Da ta kai ƙarshen shafi sai ta miƙa wa ɗana. Yaron da ake yabo a ajinsu ya kama littafi, ya ci karo da kalmar «ciki», ya ce «siki», domin haka Faransanci ya koya masa furta harafin. Ya iso kan ƙ da ɗ masu lanƙwasa ya tsaya cak. Harshen da ya sha a nono ne a gabansa, amma ya kasa gane shi a takarda. Ya sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar.

Ba a daɗe ba gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da wata takardar magani da aka rubuta mata a Ƙonni, da Faransanci. Kwanaki tana ajiye ƙarƙashin matashi, ba wanda ya iya karanta ta a gidan. Ɗana ya karɓa, ya duba, ya ce: «Kaka, cewa aka yi ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, kuma sai kin ci abinci.» Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce: «Ashe maigidan nawa ma da nasa ilimin!» Sannan ta juyo gare ni ta ce: «Kai ɗan nan, me zai hana a haɗa yaran nan su koya wa juna?» Tun daga ranar tambayarta ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba, shi ya sa na kawo muku ita.

Idan aka ce malami zai fita ƙasar waje, hankalinmu kan tafi ga jirgin sama da biza da ƙasashen Turai. Mun manta cewa ƙasar waje tana bayan gonakinmu. Daga Ƙonni zuwa Illela tafiyar kabu-kabu ce. Daga Ƙonni zuwa Sakkwato bai cika kilomita 100 ba, alhali Yamai ta haura kilomita 400, kai ko Tawa, babban birnin jiharmu, ta fi Sakkwato nisa da mu. Layin da ya raba mu da su Faransa da Ingila ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, ba tare da sun tambayi ko mutum ɗaya cikin kakanninmu ba. Layin ya ratsa dangi, ya sa ɗan wa ya koyi Faransanci, ɗan ƙane ya koyi Ingilishi. Duk da haka albasa na tsallakawa, shanu na tsallakawa, amare na tsallakawa. Ranar Laraba mutanensu na cika kasuwar Ƙonni, ranar Lahadi namu na cika ta Illela. Allon makaranta da alli ne kawai muka bari suka tsaya a bakin iyaka kamar an ɗaure su.

Kuma fita neman ilimi gadonmu ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Marata aka haife shi, kusa da Galmi, a shekarar 1754. Bai zauna wuri ɗaya ba, ya bi malamai gari-gari, har ya kai Agadas wajen Malam Jibrilla ɗan Umaru. Ƴarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajoji, mata masu ilimi, suke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su koya wa ƴan'uwansu mata. Tsarin a bayyane yake: jama'a su tura amintaccen mutum ɗaya, ya je ya ɗebo, ya dawo ya raba. Har gobe almajiranmu na bin wannan hanya da ƙafa, su je Sakkwato da Zariya da Kano su yi karatun allo da na littattafai. Abin da malamin zaure ya daɗe yana yi, me zai hana mushen lakwal ya yi?

Yanzu kuwa lokaci ne ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Mun yi murna, kuma murnar ta dace. Amma doka a takarda ba ta shiga aji ta koyar da yaro. Malami ne zai shiga, da littafi a hannunsa. To ina malaman da suka goge a koyar da karatu da rubutun Hausa? Ina littattafan da za a ɗora a kan teburan yara? Ina masu koyar da Ingilishi da za su wadaci ƙauyukanmu? Nijar ba baƙuwa ce a wannan fage ba, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Sai dai shekara hamsin bayan haka, mafi yawan yaranmu na shiga aji ne su tarar da harshen da ba su taɓa ji a gida ba, su shekara suna maimaita abin da ba su fahimta. Wanda ya gaji ya gudu, a ce ba shi da ƙoƙari, alhali ƙofar ce aka rufe masa da harshe.

Abin da muke nema yana nan kusa. A makarantun Sakkwato Hausa darasi ne da ake koyarwa, ake kuma rubuta jarrabawarsa. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana horar da malamai a cikin garin. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana ba da digiri a kan harshen Hausa da adabinsa. Littattafan Hausa kuwa tun zamanin Abubakar Imam ake buga su a Zariya, kuma ana samun su a kasuwa. Bambancin rubutunmu da nasu bai taka kara ya karya ba: inda muke sa ƴ mai lanƙwasa, su kan sa ɗan waƙafi a gaban y. Malamin da ya yi mako biyu yana zama a bayan aji yana kallon yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali da harshen uwarsa, zai dawo da abin da taron bita na kwana uku a birni ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji.

Kada wani ya ɗauka da ƙoƙon bara za mu je. Muna da abin kaiwa. Makarantun Najeriya na koyar da Faransanci, kuma ɗaliban jami'o'insu masu nazarin harshen sukan tafi har Badagry ta jihar Legas, inda aka kafa cibiyar koyon Faransanci a 1991, domin su zauna cikin masu jin harshen. Daga Sakkwato zuwa can ya haura kilomita 1,000. Ga shi kuwa a ƙauyukanmu kowane malamin firamare da Faransanci yake aiki tun safe har yamma. Muna kuma da wani abin da duniya ta zo ta koya a wurinmu. A jihar Tawa ne, a shekarar 2004, aka fara shirin Makaranta Don Kowa tare da hukumar JICA ta ƙasar Japan, wanda ya sa iyaye ke zaɓen kwamitin kula da makaranta, wato COGES, da ƙuri'ar sirri, su zauna su tsara aikin shekara, su tara abin da za su iya, su bi sawun kuɗin. Daga Tawa tsarin ya game Nijar, daga Nijar ya tsallaka zuwa wasu ƙasashen Afirka. Iyayenmu ne, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama a benci ba, suka nuna cewa talaka na iya riƙe makarantar garinsa. Wannan ilimi ne, kuma malaminmu zai tafi da shi cikin jakarsa yana mai ɗaga kai.

Mun taɓa ganin ƙawance da na nesa, kuma bai kamata mu yi butulci ba. Jihar Pikardi ta Faransa ta yi shekaru tana aiki da kominoni 12 na yankunan Ƙonni da Madawa, har da Bazaga, kuma a dalilin haka shugabannin kominoninmu suka saba zama a tebur ɗaya. Amma a 2016 aka haɗe Pikardi da jihar da ke maƙwabtaka da ita, sunanta ma ya fita daga jerin jihohi. A ƙarshen Yulin 2023 kuma Faransa ta dakatar da tallafinta ga Nijar baki ɗaya. Duk abin da igiyarsa ke hannun wani a nesa, ranar da ya saki sai ya faɗi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ni kaina ina yaro an taɓa jera mu cikin rana tun hantsi, muna jiran baƙi. Suka iso cikin fararen motoci, muka yi musu tafi, suka raba mana alƙaluma, suka ɗauki hotuna. Aka ce daga yau makarantarmu ta yi ƙawa a ƙetare. Wasiƙa ta zo sau biyu, muka amsa sau biyu. Da aka yi wa malamin da ke riƙe da adireshin canjin wurin aiki, sai ya tafi da ƙawancen cikin akwatinsa. Allon da aka kafa a bakin makaranta ya yi tsatsa, awaki na shan inuwarsa. Ba mugunta ce ta kashe abin ba. An rataye shi ne a wuyan mutum ɗaya, ba a tambayi iyaye ba, ba su sa ko dala ba, don haka da ya mutu ba wanda ya ji zafi. Mu kiyaye wannan kuskure. Malami ake turawa, amma ƙawancen na gari ne. A rubuta shi da sunan makaranta da kwamitinta, a ajiye takardar a hannun COGES, ta yadda ko an ɗauke mushe gobe, wanda ya gaje shi zai tarar da zaren ya ci gaba da saƙa.

Wa za mu tura? Mu tura wanda yara ke ɗokin shiga ajinsa, wanda ke kwana a garin da yake koyarwa, wanda in an ba shi jika goma zai dawo da lissafin kowace dala. Namiji ne ko mace, cancanta za a duba. Kada a zaɓe shi don ɗan wane ne, kada kuma a mai da tafiyar ladan siyasa. A yi zaɓen a fili, a taron iyaye, kamar yadda muka saba zaɓen kwamiti. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Satumba, sa'ad da makarantunsu suka koma namu na firamare ba su buɗe ba, don kada yaranmu su rasa darasi ko na yini ɗaya.

Me zai je ya yi? Ya nemi makaranta irin tamu, ta ƙauye ko ta ƙaramin gari, mai yaran manoma, domin mai irin ciwonka shi ya san maganinka. Ya zauna a aji ya kalla, shi ma ya karɓi alli ya koyar da darasin Faransanci su gani. Ya rubuto sunayen littattafan da suka fi amfani da farashinsu. Sannan su amince a kan abubuwa ƴan kaɗan da za a iya cikawa cikin shekara guda: yaran aji biyar da shida su riƙa rubuta wa juna wasiƙa da Hausa kowane wata, direban da aka amince da shi ya riƙa kaiwa yana kawowa. Malaman makarantun biyu su buɗe zaure ɗaya a WhatsApp suna tura wa juna darussa da murya. Malaminsu ya zo mana da rani ya yi mako biyu yana koyar da Hausa da Ingilishi, namu ya koma musu da Faransanci. A yi gasar karatu sau ɗaya a shekara, bana a nan, baɗi a can. In an cika waɗannan, sai a ƙara. Kuma ranar da ya dawo, kafin ya huta, ya tsaya a gaban gari ya ba da labari da lissafi.

Na san abin da ke ran wasu. Za a ce hanya ba lafiya, kuma gaskiya ne ƴan bindiga sun addabi yankunan iyaka ta ɓangarorin biyu. Shi ya sa tafiyar za ta kasance da rana, bisa babbar hanya, da sanin jami'an tsaro da sarakuna, kuma malami za a fara turawa, yara sai hankali ya kwanta. Za a ce tsakanin gwamnatocin biyu akwai tsami. Mun gani da idonmu, an rufe iyaka daga Agustan 2023 har zuwa Maris 2024, mun ga yadda kasuwa ta mutu, kaya suka yi tsada, dangi suka kasa zuwa jana'izar dangi. Wannan wahala ita ce ma hujjarmu, domin ta nuna cewa mu mazauna bakin iyaka ne ke fara shan wuya idan zumunci ya yanke. Ba ta bayan fage za mu bi ba. Za mu nemi izinin sufeton makarantu da hukumar ilimi ta jiha, su rubuta wa takwarorinsu na Sakkwato. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, don irin wannan aiki aka kafa ta.

To ya ku iyaye maza, ku kira taron COGES a wannan wata, ku sa maganar a gaba. Manoman albasa, in kun sayar da amfanin rani ku ware kuɗin buhu ɗaya tsakaninku. Masu gero, in kaka ta yi kowane gida ya kawo tiya guda, da ita za mu ciyar da malamin da zai zo mana baƙunta. Ya ku iyaye mata na ƙungiyar uwayen ɗalibai, ku ne kuka fi kowa sanin yarinyar da ta daina zuwa makaranta da dalilin dainawarta, kada a tsara komai ba ku a wurin, kuma ku dage a sa makarantar da ke da malamai mata cikin waɗanda za a ziyarta. Ya ku ƴan kasuwa da direbobi masu bin hanyar Illela kowane mako, kujera ɗaya a mota da ɗan wuri na kwalin littattafai shi ne rabonku a wannan lada.

Ya ku ƴan'uwanmu mazauna Sakkwato da Illela, ku buɗe wa malaminmu ƙofa, ku ba shi masauki, ku raka shi wajen shugabannin makarantu. Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku, wasiƙarku zuwa ga ƴan'uwanku na tsallake ta fi kowane hatimi buɗe ƙofa, muna roƙon ku sa albarka. Malamanmu na addini, ku ambaci zancen a masallatai, ku tuna wa jama'a tafiye-tafiyen magabata. Hukumomin komin da na ilimi, takardar izini da goyon baya muke nema a wurinku, ku sauƙaƙa mana. Matasanmu da suka yi karatu, ku ne za ku rubuta wasiƙun farko, ku riƙe lissafi. Ku kuma malamanmu, mun san ajin zana da kuke koyarwa a ciki, mun san ƙurar hunturu da zafin bazara da kuke sha tare da ƴaƴanmu. Wannan tafiya girmamawa ce gare ku, ku fito ku karɓe ta hannu biyu.

Idan Bazaga ta fara, Allela da Tsarnawa za su gani su bi, Malbaza da Illelar Adar ba za su yarda a bar su a baya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar nan ba ta da nauyi in mun taru. Ina so in koma gidan gwaggona da ɗana ya karanta mata shafin nan ba tare da ya sunkuyar da kai ba, jikarta kuma ta karanta mata takardar maganinta da kanta. Ɗan'uwa, in ka gama karanta wannan, karanta wa wanda bai iya ba, sannan ka tashi ka sami shugaban kwamitin makarantarku ka tambaye shi ranar taro. Allah ya yi mana jagora, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Amin.